Abokin kasuwancina ya dage sai mun sayi mahaɗai don shafinmu na tafiye-tafiye

Assalamu alaikum Malam. Ni da wani abokina tun na ƙuruciya muka buɗe shafin intanet na bayanan tafiye-tafiye. Ni ke rubutu da ɗaukar hoto, don na yi aikin rakiyar matafiya kafin nan, shi kuma shi ya zuba mafi yawan jarin. Muna bayani kan neman biza, yadda ake fita daga filin jirgi zuwa cikin gari, masauki da wuraren ziyara. Matsalar ita ce in aka yi bincike a Google ba a ganinmu sai an yi nisa, manyan kamfanoni sun mamaye sama. Kwanan nan wani ya turo mana saƙo cewa in mun biya shi zai samo mana ɗaruruwan mahaɗai, wato links da ake latsawa a zo shafinmu, daga wasu shafuka cikin wata guda, wai da haka za mu hau sama. Abokina ya dage sai mun biya. Ni hankalina bai kwanta ba, amma ba ni da wata hanyar da zan nuna masa. Har ya fara cewa ina wasa da kuɗinsa, yanzu gaisuwa ma da ƙyar muke yi. Malam, mu biya ko kada mu biya? In kada mu biya, ina za mu samo mahaɗan?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena.

Kada ku biya. Na fara da wannan ne don na san shi ke hana ka barci. Amma ka daure ka karanta sauran, domin abokinka yana da gaskiyarsa ta wani gefen, kuma "a'a" kaɗai ba za ta ishe ka amsa ba ranar da za ku zauna.

Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, abin da ya bambanta shi da injinan binciken da suka riga shi shi ne yadda yake auna mahaɗai. In wani shafi ya sa mahaɗi zuwa naka, Google na ɗaukar hakan a matsayin shaida cewa mai wancan shafin ya karanta, ya gamsu, har ya turo mutanensa wurinka. Shaidar shafi mai mutunci kuma ta fi ta wanda ba a sani ba nauyi. Da mutane suka gane haka sai kasuwar sayar da shaida ta buɗe, Google kuma ya shiga yaƙi da ita. A watan Afrilun 2012 ya fito da gyaran da ake kira Penguin, shafuka da yawa da suka taso da mahaɗan saye suka rikito dare ɗaya. Daga 2016 salon ya sauya, yawanci sai ya mayar da irin waɗannan mahaɗai tamkar babu su. A Disambar 2022 ya sanar cewa tsarinsa na SpamBrain yana gano shafukan da ke saye da waɗanda aka gina don sayarwa kawai. Har yau kuma akwai ma'aikatansa da ke sa wa shafi takunkumi da hannu, sai dai ka tarar da sanarwar a Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki. Abu biyu ke nan a gabanku: ko kuɗin su tafi a banza, ko su tafi su kuma bar muku aikin wanke suna na watanni.

Ka ma tambayi kanka, wa ke da ɗaruruwan shafukan da za su yarda su ambaci naku cikin wata guda? Sai wanda duk shafukan nasa ne, ko wanda ke watsa adireshi da na'ura a wuraren da ba mai karantawa. Kamar mai neman aiki ne ya zo da takardun shaida ɗari, aka duba aka ga hannu ɗaya ya rubuta su duka. Ina kyautata zaton ya ambata muku wani maki da ake kira DA ko DR don ya nuna ƙarfin shafukan nasa. Na farko na kamfanin Moz ne, na biyu na Ahrefs. Ƙiyasi ne na 'yan kasuwa, Google ba ya aiki da su, kuma ana iya kumbura su.

Inda abokinka ya yi gaskiya shi ne rubutu mai kyau kaɗai ba ya kai shafi sama, balle a harkar tafiye-tafiye. Rubuta sunan kowane babban birni tare da kalmar otal ka gani. Talla ce a sama, sai akwatin otal-otal na shi Google ɗin da taswirarsa, in tikitin jirgi ne ga Google Flights da ke nan tun 2011, sannan Booking.com da Tripadvisor da Expedia. Daga Mayun 2024 kuma aka fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman wasu sakamakon. Wannan fagen ba naku ba ne ko mahaɗai nawa kuka saya. Sai dai shi wannan sakamakon binciken da ke ɓata maka rai, kai kana duba shi ne kullum don ka ga a layi na nawa kake. Ina so ka fara duba shi don ka ga su wa ke rubutu a kan wuraren da ka sani, me suka rasa, kuma wa ya riga ya ci gajiyar aikinka bai faɗa ba. Kusan duk kayan aikin da za ka buƙata suna cikin injin binciken, kuma kyauta ne.

Fara da hotunanka, don a nan na fi sa ran za ka ga amfani da wuri. Zaɓi waɗanda suka fi kyau ko suka fi daɗewa a shafin, ka saka su ɗaya bayan ɗaya a Google Lens, ka duba sashen da ke nuna inda hoton ya fito sak. Ka maimaita a TinEye da binciken hoto na Bing, don kowanne na kamo abin da ya kuɓuce wa ɗaya. Ƙananan masaukai, kamfanonin shirya balaguro, masu rubutun tafiya, wani lokaci har jaridu, suna ɗauko hoto daga sakamakon bincike su manna ba tare da tambaya ba, galibi don gaggawa ko rashin sani. Duk wanda ka samu ya riga ya nuna aikinka ya yi masa. Kada ka fara da maganar lauya. Ka ce masa hoton da ke maƙalarku kaza ni na ɗauka, ga asalinsa, na ji daɗi da ya yi muku amfani, ku ci gaba da aiki da shi, sai dai ina roƙo ku sa sunana a ƙarƙashi tare da mahaɗi zuwa inda ya fito. Sa mahaɗin ya fi masa sauƙi a kan neman wani hoto. In ya sa masa alamar nofollow, wadda ke gaya wa Google kada ya lissafa shi a matsayin shaida, ka ƙyale shi. Ƙa'idar Google ta hana ɗaure mutum da sharaɗin mahaɗi ba tare da an bar masa wannan zaɓin ba, kuma mai karatu zai iya latsawa ya iso wurinka duk da haka. Wanda kuma ya ɗauki hotonka yana tallan hajarsa da shi, wannan maganar haƙƙin mallaka ce, kana da damar neman a biya ka ko a cire.

Daga nan ka sauya irin abin da kake ɗauka. Hoton dalar Giza ko hasumiyar Eiffel ba wanda ke nema ya rasa. Abin da ke wuyar samu shi ne hoton na'urar sayar da tikitin jirgin ƙasa da abin da ke rubuce a fuskarta, allon jadawalin jirgin ruwa, ƙofar da motocin haya ke tsayawa, matakalar da mai keken guragu ba zai iya hawa ba, akwatunan ajiye kaya a tasha. Marubucin da bai taka wurin ba yana buƙatar waɗannan, kuma ba kasafai yake samunsu a rumbunan hotuna na saye ba. Kai da ka raka mutane ka san daidai inda baƙo ke tsayawa ya ruɗe, to nan za ka ɗauka. Ka sa wa fayil ɗin sunan da ke faɗin abin da ke ciki, ka cike gurbin bayanin hoto, ka rubuta wata da shekara a ƙarƙashi. Wasu kana iya sakinsu da lasisin Creative Commons, wato izinin kowa ya yi amfani da su kyauta, mai sharaɗin ambaton mai hoto, don binciken hotuna na Google yana da matatar haƙƙin amfani, kuma editoci masu gudun rigima ta nan suke bi. Amma ka sani wannan lasisin in ka bayar ba a janye shi, don haka kada ka saki hoton da kake sa ran sayarwa. Kuma don Allah ka kiyaye, ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar hoto a wurin jami'an shige da fice, da wasu sassan filin jirgi, da kusa da gine-ginen tsaro. Babu mahaɗin da ya kai a tsare ka a ƙasar mutane.

Bayan hoto sai suna. Rubuta sunan shafinku tsakanin alamun zance, ka bi shi da alamar ragi manne da site: da adireshinku, don a cire naku daga sakamakon. Abin da ya rage shi ne inda wasu suka ambace ku. Ka yi haka da sunanka ma, wataƙila wani da ka taɓa rakawa ya yabe ka a rubutunsa. Duk inda aka ambace ku ba mahaɗi, gajeren saƙon godiya da roƙo ya isa. Sannan ka sa sunayen nan a Google Alerts, shi zai riƙa turo maka imel in sabon ambato ya fito. Waɗanda suka kwafe maƙalarku ɗungurungum kuwa, kada ka roƙe su komai, shaidarsu ba ta da daraja.

Yanzu ga inda saninka ya fi tsada. Bayanin tafiya yana tsufa da sauri. A watan Afrilun 2019 aka kwashe jiragen fasinja daga filin Atatürk na Istanbul zuwa sabon filin da ke can arewa maso yamma da birnin, nesa ƙwarai da tsohon. A Nuwamban 2020 aka rufe filin Tegel na Berlin bayan an buɗe na Brandenburg. Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido a Satumban 2019. Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga na intanet daga Janairun 2024. Ga kuma annobar korona da ta rufe masaukai da kamfanonin balaguro bila adadin tun daga 2020. Kowane sauyi irin wannan ya bar tarin rubuce-rubuce suna faɗin abin da ya daina zama gaskiya, ko suna tura mutane adireshin da ya mutu. Wani yana can ya karanta ya shirya tafiyarsa a kan ƙarya, mai rubutun kuma bai ma sani ba.

Tun 2019 Google na da umarnin before: da after: na taƙaita bincike da kwanan wata. Ka rubuta batun da ka san ya sauya, ka ƙara before: da shekarar sauyin, sai tsofaffin rubuce-rubucen su fito. Buɗe su ɗaya-ɗaya. Shafin da aka yi watsi da shi ka wuce. Wanda ka ga mai shi yana nan yana sabon rubutu, shi kake nema. Amma kafin ka tuntuɓe shi ka tabbata kana da maƙala sabuwa, cikakkiya, da ka tantance daga hukumar da abin ya shafa ko ka gani da idonka. Sai ka gaya masa a sakin layi kaza kun ce a hau mota kaza, an daina, ga yadda ake yi yanzu. Ka ba shi gyaran a cikin saƙon kai tsaye, sannan ka ce in yana son cikakken bayani don masu karatunsa ga namu. Ko bai sa mahaɗi ba ka hana wani matafiyi ɓata, kuma ya san sunanka. Ni a wurina wannan ce hanya mafi tsafta a duk harkar, don ba wanda ya yi asara a cikinta.

Matattun mahaɗai ma haka suke. In ka latsa wani ya kai ka shafin da ke nuna 404, wato abin da ke wurin ya ɓace, ka kwafi adireshin ka saka a Wayback Machine na Internet Archive ka ga me yake ɗauke da shi a da. In batu ne da ka sani, ka rubuta naka daga tushe, kada ka kwafi na mamacin. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta da ake ɗora wa burauza, su nuna maka duk mataccen mahaɗi a shafi cikin daƙiƙoƙi. Kuma shafin da ya mutu da wuya ya zama mutum ɗaya ke tura mutane wurinsa. A da ana gano sauran da umarnin link: amma Google ya daina shi tun 2017, kada ka ɓata lokaci in ka gan shi a tsohon darasi. Yanzu ka nemi adireshin tsakanin alamun zance, ko ka yi rajista da Bing Webmaster Tools, wanda ke ba ka damar duba mahaɗan da ke shiga wasu shafuka ban da naka. Da shi ma za ka iya ganin su wa suka ambaci ƙananan shafuka irin naku da ke gabanku a sakamako. Manyan kamfanonin ba su ne ma'auninku ba.

Akwai abin da masu irin shafinku suka cika mantawa: ba marubutan tafiya kaɗai ke buƙatar bayanin tafiya ba. Jami'ar da ke karɓar ɗalibai daga waje tana da shafin yadda za a iso ta. Haka masu shirya babban taro, asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga wasu ƙasashe, masu gasar gudun fanfalaki, makarantun koyon harshe, ƙungiyoyin 'yan ƙasa mazauna waje. Wani shafin tafiya yana ganinku kishiyoyi, waɗannan kuwa ba sa gasa da ku, so suke baƙonsu ya iso lafiya, kuma yawanci wanda ya rubuta musu bayanin ba sana'arsa ba ce. Ka haɗa sunan garin da site:edu ko site:ac.uk ko ƙarshen adireshin jami'o'in ƙasar da kake nufi, don binciken ya tsaya a shafukansu kaɗai. Ka yi amfani da intitle: don neman kalma a kanun shafi, da inurl: don nemanta a cikin adireshi, da filetype:pdf don ƙasidun da ake raba wa baƙi. Kalmomin da za ka nema su zama na harshen da aka rubuta shafukan da shi, irin waɗanda ake sa wa jerin shafuka masu amfani ko bayanin isowa. Mahaɗi ɗaya daga irin waɗannan wurare yana iya shekaru a zaune, kuma masu latsa shi mutane ne da tikiti ke hannunsu.

Sai akwatin nan na tambayoyin da mutane ke yi, wanda ke tsakiyar sakamako, da kalmomin da Google ke cike maka kafin ka gama rubutu, da binciken da ke da alaƙa a can ƙasa. Su ne ke gaya maka abin da za ka rubuta wanda wasu marubuta za su so ambata. Ɗan jarida ko mai shirya maƙala shi ma a Google yake bincike, kuma abin da yake nema ya jingina da shi yawanci adadi ne ko tabbataccen bayani: awa nawa jirgin ruwa ke yi, wace rana ake rufe gidan tarihi, wane wata ruwa ya fi sauka, kilo nawa aka yarda a ɗauka. Ka zaɓi tambayoyin da ka ga amsar da ke sama ta tsufa ko tana kame-kame. Ka sa tambayar a matsayin kan magana, ka amsa ta cikin jimla biyu ko uku kai tsaye, sannan ka faɗaɗa, ka rubuta ranar da ka tantance. Abin da ya dace da tebur ka sa shi a tebur. Daga irin wannan tsarin ne Google kan ciro amsar da yake ɗorawa a akwatin sama. Ba a neman wannan gurbin da takarda, kuma gaskiya wasu masu bincike in sun ga amsar ba sa ƙara latsawa. Amma marubuci yana latsawa, don yana buƙatar inda zai ce ya samo. Mafi ƙarfi shi ne bayanin da kai ka tattara da kanka, misali ka bi duk hanyoyin da ake bi daga filin jirgi zuwa tsakiyar wani gari ka rubuta tsawon lokacin kowacce, ko ka jera wuraren ziyara da mai keken guragu zai iya shiga. In ba shi a ko'ina sai wurinka, duk mai son ambatonsa dole ya ambace ka.

Sashen labarai na Google zai nuna maka 'yan jaridar da suka rubuta kan wata ƙasa a watannin baya, da sunayensu. Ka adana. Ranar da wani abu ya sauya a wurin da ka sani, kuma kana da hoto ko bayani na ido da ido, ka tura wa mutum biyu ko uku da batun ya shafa, ba duka ba. Google Trends zai nuna maka watan da mutane ke fara neman wani wuri, don ka shirya kafin lokacin. A taswirar Google kuma ka nemo ƙananan masaukai da masu jiragen ruwa da 'yan rakiyar da kuka yaba a rubutunku, ka sanar da su. Da yawansu za su so su nuna wa abokan cinikinsu an yabe su. Nan akwai iyaka da za ka kula da ita. In masauki ya ba ka kwana kyauta don ka rubuta ka sa mahaɗi, a wurin Google wannan saye ne, sai an sa masa alamar sponsored, mai nuna an biya, da aka fito da ita a 2019, ko nofollow, kuma masu karatunka suna da haƙƙin ka faɗa musu. Yawan musayar "sa ni in sa ka" ma yana cikin abin da ya hana. Rubuta wa wasu shafuka maƙala a matsayin baƙo ba laifi in shafin na gaske ne mai edita da masu karatu, amma wanda ya fara aiko maka da farashi ka san inda ka dosa.

Saƙonnin da za ka tura su zama gajeru, da sunan mutumin, da ainihin wurin da kake magana a kai. Kada ka tura abu ɗaya ga mutum ɗari, ana ganewa tun layin farko. In ba a amsa ba ka tuna sau ɗaya bayan mako, sannan ka bari. Mafi yawa ba za su amsa ba, wannan ka shirya wa zuciyarka tun yanzu, don shi ke karya gwiwar mutane a makonnin farko. Aikin watanni ne, kuma ba zan ce maka zai kai ku layin farko ba, duk wanda ya yi maka wannan alkawarin bai gaya maka gaskiya ba. Ka kuma duba rubutunku da idon basira. Tun 2022 Google ke ƙara matsa wa shafukan da ke maimaita abin da ke ko'ina, kuma a ƙarshen wannan shekarar ya ƙara sanin abu ta hanyar yinsa da kai cikin abubuwan da masu tantance masa inganci ke dubawa. In akwai maƙalun da kuka haɗa kan wuraren da ba ku je ba don kawai shafi ya cika, mahaɗi ba zai cece su ba. Gara gari biyar da ka sani ciki da waje.

Abokinka kuma, zumunci a ƙafa yake, ka taka ka same shi, kada ka yi wannan maganar ta waya. Da ya ce kana wasa da kuɗinsa na san ta yi maka zafi, amma ka saurari abin da ke ƙarƙashinta. Mutum ne da ya zuba dukiyarsa, wata na bin wata bai ga komai ba, sai ga wani ya zo da adadi da rana, kai kuma abin da ka ba shi shi ne "hankalina bai kwanta ba". A idonsa ɗaya na da shiri, ɗaya ba shi da shi. Ka fara da amsa masa cewa yana da haƙƙin ya tambaya, kuma gaskiya ne ba ku yi aiki a kan mahaɗai ba. Sannan ku nemi mai sayarwar ya turo misalin shafuka goma da zai sa ku, ku buɗe su tare. Ku duba wa ke rubuta su, ko akwai alamar wani na karantawa, ko batun tafiya na zaune kusa da tallan caca da na magani. Ku buɗe ƙa'idojin Google na hana maguɗi, inda aka rubuta saye da sayar da mahaɗai ƙarara. Ka bar shi ya gani da idonsa, kada ka ce masa "ka gani ko".

Daga nan ka ajiye naka shirin a rubuce. Ku yanke wa'adi, ni zan ce wata shida. Ku buɗe tebur ɗaya da ku biyu ke gani: wa aka tuntuɓa, yaushe, me ya ce. Ka ba shi damar shiga Search Console, inda rahoton mahaɗai ke nuna shafukan da suka ambace ku, rahoton bincike kuma ke nuna sau nawa aka gan ku da sau nawa aka latsa, don kada ya zama sai abin da ka gaya masa. Ku tsayar da rana ɗaya a wata ku duba tare. Kuɗin da ya yi niyyar bayarwa, ko a ajiye su, ko a kashe a tafiyar da za ta kawo hotuna da bayanan da ba kowa ke da su ba, kuma shi ya zaɓa tunda nasa ne. In ba ku taɓa rubuta yarjejeniya kan kason kowa da wanda ke yanke hukunci a kan me ba, ku rubuta yanzu da shaidu, don wannan saɓanin ba shi ne na ƙarshe ba. Ku kuma rubuta abin da za ku yi in wa'adin ya cika ba a ga motsi ba: a rage kashe kuɗi, a taƙaita shafin ga wurare kaɗan, ko a raba jari cikin mutunci. Kafin ka je wurinsa ka yi binciken hotuna da na suna, ka tafi da jerin farko na mutanen da za ka rubuta wa a wannan makon.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa wa kasuwancin albarka.